Yadda ake fitar da kuɗin shigar gida na tsakiya a kawuntin Amurka, da yadda za ka san iya gaskiyar lambar

Wannan tambayar ta yi ta zuwa min daga ɗalibanmu da ke karatu a Amurka, da masu yin aikin lissafi ta intanet da aka ba su bayanan can, kusan duk abu ɗaya ne, an ce su kawo kuɗin shigar gidaje a kawunti kaza, sun shiga sun kwafo lamba ɗaya sun liƙa a rahoto, malami ko mai aikin ya dawo musu da shi yace ina kuskuren lambar? Sai mutum ya tsaya yana mamaki, wane kuskure kuma, ba gwamnati ce ta fitar ba? To gwamnati ce, amma ita ma ba gida-gida ta bi ta ƙirga ba.

Kawunti dai gunduma ce a ƙarƙashin jiha, ka ɗauke ta kamar ƙaramar hukuma duk da ba daidai suke ba, akwai su sama da 3,100 a Amurka, a Luwiziyana ana ce musu farish, a Alaska kuma wani suna daban. Girmansu ma babu haɗi, kawuntin Los Anjalas na da mutum kusan miliyan 10, kawuntin Loving a Tekzas kuwa mutum 64 aka ƙirga a 2020. Riƙe wannan a ranka don duk maganar kuskure daga nan ta taso.

Kafin komai mu warware kalmar matsakaici, don ita ke rikita mutane. Mu Hausawa matsakaici muke cewa ko abareji ake nufi ko midiyan, alhali abubuwa biyu ne. Abareji shine ka tara kuɗin duk gidaje ka raba da yawansu. Midiyan kuwa ka jera gidajen a sahu daga mai ƙaramin samu zuwa mai babba, ka je tsakiyar sahun ka tambayi wanda ke tsaye a wurin nawa yake samu, rabin gidaje na ƙasa da shi rabi na sama. Unguwa mai gida tara kowa na lallaɓa rayuwa, sai wani attajiri ya zo ya gina gida na goma, abareji zai yi tsalle sama kamar kowa ya yi kuɗi, midiyan ko gezau, shi yasa a maganar kuɗin shiga midiyan ake so. Daga nan zan riƙa cewa midiyan kawai.

Gida ma sai an yi hattara. A lissafin hukumar ƙidaya ta Amurka gida na nufin duk mutanen da ke zaune a muhalli ɗaya, ko 'yan uwa ne ko ba 'yan uwa ba, samari uku da suka haɗa haya gida ɗaya ne, tsohuwa da ke zaune ita kaɗai ita ma gida ce. Ba ruwansu da tukunya ɗaya ake ci ko kowa da tasa. Fursunoni da sojojin bariki da ɗaliban hostal ba sa cikin wannan lissafin. Akwai wani teburi daban na iyali, wato mutum biyu ko fiye masu dangantaka ta jini ko aure ko riƙo na doka, kuma midiyan na iyali yawanci ya fi na gida yawa tunda an cire masu zama su kaɗai, kar ka haɗa su. Kuɗin da ake tarawa kuma na duk ɗan shekara 15 zuwa sama ne a gidan, kafin a cire haraji, albashi da ribar sana'a da fansho da kuɗin haya da makamantansu, tallafin abinci da ba tsabar kuɗi ba baya ciki.

To ina za ka samo lambar? Hanya mafi sauƙi ita ce binciken da ake kira ACS, wanda hukumar ƙidaya ke yi kowane wata tun 2005, suna tuntuɓar adireshi kusan miliyan 3.5 a shekara. Shiga data.census.gov ka rubuta B19013, shine teburin midiyan na kuɗin shigar gida, ka zaɓi jiha ka zaɓi kawunti. Za ka ga layi biyu, ɗaya an rubuta Estimate ɗaya Margin of Error, na farko ƙiyasin ne na biyun ratar kuskure, mu ce mata MOE kamar yadda kowa ke cewa. Kwafi duka biyun, don Allah duka biyun. Masu amfani da manhajar lissafi ta R akwai ƙunshin tidycensus, ka kira get_acs ka ba shi B19013_001 da sunan jiha, zai kawo maka ƙiyasi da MOE a jere.

Za a tambaye ka na shekara ɗaya kake so ko na shekara biyar. Na shekara ɗaya sai wurin da ke da mutum 65,000 zuwa sama ake fitar wa, kuma yawancin kawuntocin Amurka ba su kai haka ba, wajen kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai suka kai. Sauran sai na shekara biyar, wanda ake tara amsoshin wata 60 a haɗa. Na shekara biyar ya fi ƙaramin kuskure amma ya fi tsufa, kuma in ka ga 2018 zuwa 2022 kar ka ce "a 2022 midiyan kaza ne", na dukkan lokacin ne, an dai daidaita kuɗin zuwa darajar dalar 2022. In za ka kwatanta kawunti babba da ƙarami to dukansu ka ɗauko na shekara biyar, ba a haɗa mudu da tiya a ce an auna. Sannan 2020 babu na shekara ɗaya da aka saba, korona ta hana a samu amsoshi yadda ya kamata.

Yanzu ita MOE ɗin me take faɗa maka. Tunda samfur aka ɗiba, da wasu gidajen aka tambaya ba waɗannan ba da lambar ta ɗan canza, kamar mai sayen hatsi ne da ya soka hannu a buhu ya ɗebo, in ya sake sokawa a wani gefen abin da zai fito ba zai zama daidai da na farko ba. MOE na gaya maka iya nisan da wannan canjin zai iya kaiwa, kuma hukumar ƙidaya na bayar da ita a matakin tabbaci na kashi 90 cikin 100, ba 95 da aka koya mana a aji ba, nan mutane da yawa ke faɗawa rami. Ma'anarta in da za a yi ta maimaita binciken ana zana irin wannan tazarar, kusan tara cikin goma za su kama lambar gaskiya a cikinsu.

In kana son ma'aunin kuskure na asali wanda ake cewa SE, raba MOE da 1.645, lambar da ke tafiya da matakin kashi 90. In malaminka 95 yake so, ninka SE ɗin da 1.96. Shikenan. Misali na ƙirƙira, kawunti mai midiyan dala 57,400 da MOE 4,000, SE ya zama kusan 2,432, tazarar kashi 90 daga 53,400 zuwa 61,400, ta kashi 95 kuma ƙari ko ragin kusan 4,770. Raba SE da ƙiyasin ka ga kashi nawa ne, a nan wajen kashi 4 ne, wannan lafiya lau. In ka ga ya haura kashi 15 ko 20 ni dai sai na fara ɗari-ɗari da lambar, ba doka bace ra'ayina ne, kowace ma'aikata da inda take ja layinta.

Wani lokacin kuma lambar da kake so babu ita a shirye, misali an ce ka haɗa kawunti uku su zama yanki ɗaya. Abin da kowa ke fara yi shine ya tara midiyan uku ya raba uku, kuskure ne, ko ka saka musu nauyin yawan gidaje ma ba midiyan ka samu ba, midiyan ba ya taruwa haka. Sai ka koma teburin B19001, wanda ya raba gidaje aji 16, daga ƙasa da dala 10,000 har zuwa 200,000 da sama, ka tara yawan gidajen kowane aji na kawuntocin uku, sannan ka nemo tsakiya da hannunka. Bari in nuna da lambobin da na ƙirƙira don misali kawai.

Ka ce jimillar gidaje 20,000 ne, to gida na 10,000 muke nema. Ka fara tarawa daga ajin ƙasa kana hawa, da ka zo ƙarshen ajin da ya tsaya a 49,999 ka tara gida 8,600, saura 1,400 kenan a kai tsakiya. Aji na gaba, 50,000 zuwa 59,999, yana da gida 1,900, ka ga mutuminmu yana cikinsa. Raba 1,400 da 1,900 ka samu 0.737, faɗin ajin dala 10,000 ne, ninka ka samu kusan 7,370, ɗora a kan 50,000, midiyan ya kama 57,400 in ka gyara ƙarshen. Abin da muka yi shine mun ɗauka gidajen nan 1,900 sun bazu daidai wa daida daga farkon ajin zuwa ƙarshe, wanda ba lallai haka yake ba amma a aji mai ƙaramin faɗi ba ya cutarwa sosai. In ka gwada wannan da kawunti ɗaya ka ga bai yi daidai da B19013 ba kar hankalinka ya tashi, su hukumar ƙidaya a nasu lissafin suna amfani da azuzuwa masu ƙanƙanta fiye da wanda suka buga mana. Inda abin ke ɓaci shine kawuntocin masu kuɗi irin Loudoun a Bajiniya da midiyan ya wuce dala 150,000, can ajin faɗinsa 50,000 ne, zaton bazuwa daidai ba ya riƙewa sosai, in kuma tsakiyar ta faɗa ajin ƙarshe da ba shi da rufi to ba abin da za ka ninka ma.

Kuskuren wannan midiyan da ka fitar da hannu fa? Nan ne wurin da nake so ka nutsu, don dabarar tana da daɗi in ka gane ta. Wani masanin lissafi Woodruff ya kawo ta tun 1952. Maimakon ka tambayi kuskuren kuɗin kai tsaye, sai ka tambayi kuskuren kashi 50 ɗin, wato wanda muka nuna muka ce shine tsakiyar sahu, anya shine? Wataƙila tsakiyar gaskiya tana ɗan gabansa ko ɗan bayansa. Kuskuren kashi kuwa lissafinsa sananne ne, 0.5 sau 0.5 a raba da girman samfur a ɗauki sikwaya rut.

Sai dai girman samfurin ba gidaje 20,000 ba ne, wannan ai ƙiyasin duka gidajen ne, kuma ba ma yawan waɗanda suka amsa ba ne kai tsaye, saboda ba kowane gida ke da nauyi ɗaya ba, wani yana wakiltar gida goma wani arba'in, wannan bambancin nauyin yana rage wa samfur ƙarfi. Hukumar na buga wasu lambobin gyara na kowace jiha da kowane maudu'i don haka. A misalinmu mu ce bayan gyara ƙarfin samfurin ya zama kamar gida 500. To 0.25 a raba da 500, sikwaya rut, ya ba da 0.0224, wato maki 2.24 cikin ɗari. Ninka da 1.645 ka samu 3.68. Kenan tsakiyar gaskiya tana tsakanin kashi 46.32 da kashi 53.68 na sahun.

Yanzu sai ka maimaita aikin ɗazu sau biyu. Kashi 46.32 na 20,000 shine gida na 9,264, cire 8,600 saura 664, raba da 1,900 ka ninka da 10,000, ka samu wajen 53,500. Kashi 53.68 kuma gida na 10,736 ne, amma lura, ajin 50,000 ɗin ya ƙare a gida na 10,500, wannan ya tsallaka aji na gaba kenan, 60,000 zuwa 74,999, mai faɗin 15,000, mu ce yana da gida 2,400. Saura 236, raba da 2,400 ninka da 15,000, kusan 1,475, sai ya zama wajen 61,500. Tazararmu 53,500 zuwa 61,500. Ka lura ɓangarorin ba su yi daidai ba, ƙasa 3,900 sama 4,100, haka abin yake ba kuskure ka yi ba, in ana son lamba ɗaya sai ka raba faɗin biyu ka ce ƙari ko ragin 4,000. Wurin tsallaka ajin nan shine inda na fi ganin ana zamewa a Excel, mutum ya ja fomula ɗaya ƙasa ya manta faɗin aji ya canza.

Abin da wannan lissafin ke koya maka kuma, in gidaje sun cunkushe kusa da tsakiya to ko ka matsa gaba ko baya a sahun kuɗin ba ya canzawa sosai, kuskure ƙarami, in sun warwatse kuwa taku kaɗan sai ka ga dubban daloli. Kuma saboda sikwaya rut ɗin nan, kafin ka rage kuskure da rabi sai ka ninka samfur sau huɗu, shi yasa ƙananan kawuntoci ko an tara musu shekara biyar MOE ɗinsu ke nan da faɗi.

Masu son shiga ciki sosai akwai bayanan gida-gida da ake kira PUMS, an cire sunaye, kowane layi gida ɗaya da kuɗinsa HINCP da nauyinsa WGTP. Kar ka kuskura ka sa MEDIAN na Excel a kan layin kuɗin haka kawai, sai ka jera su ka tara nauyi har ka kai rabin jimillar nauyin, kuma ka fara ninka kuɗin da ADJINC don darajar dala ta zama ɗaya. Sun kuma ba da wasu nauyi 80 na maimaici, WGTP1 zuwa WGTP80, ka fitar da midiyan da kowanne, ka cire na asali daga kowanne ka ninka bambancin da kansa, ka tara duka, ka ninka da 4 bisa 80, sikwaya rut ɗin shine SE. Matsalar dai PUMS ba ya nuna kawunti, yankunansa sai mai mutum 100,000 zuwa sama, ƙananan kawuntoci an cusa su da yawa a yanki ɗaya, don haka ga ƙaramin kawunti wannan ƙofar a rufe take.

To ga tambayar da ta fi kowacce zuwa, kawunti kaza ya fi kaza samu? Na farko 57,400 da MOE 4,000, na biyu 61,000 da MOE 2,500, ido zai ce na biyu ya fi da 3,600. Tsaya tukuna. SE na farko 2,432, na biyu 1,520, ninka kowanne da kansa ka tara ka ɗauki sikwaya rut, kusan 2,868. Raba 3,600 da 2,868 ka samu 1.26, bai kai 1.645 ba, kenan da wannan bayanin ba za ka iya cewa ɗaya ya fi ɗaya ba. Ba wai ka tabbatar daidai suke ba fa, a'a, samfurin ne bai isa ya raba gardamar ba. Wasu na duba ko tazarorin biyu sun hau kan juna su yanke hukunci da haka, in ba su taɓa juna ba to akwai bambanci, amma in sun ɗan hau juna ba lallai a ce babu ba, yi lissafin kawai minti ɗaya ne. Irin jerin nan da jaridu ke so, kawunti goma mafi talauci a jiha kaza, sau da yawa na uku da na takwas in ka yi wannan gwajin ba za ka iya raba su ba.

In shekara da shekara kake kwatantawa, kar ka haɗa 2017 zuwa 2021 da 2018 zuwa 2022, shekara huɗu cikin biyar amsoshi ɗaya ne, ɗauki waɗanda ba su haɗa ko shekara ɗaya ba kamar 2013 zuwa 2017 da 2018 zuwa 2022, kuma ka maida tsohon zuwa darajar dalar sabon, har MOE ɗinsa ka ninka da lambar gyaran, in ba haka ba hauhawar farashi za ka auna ka ce arziki ne.

Ƙananan abubuwan da ke ɓata aiki, in faɗe su da sauri. Yi amfani da lambar kawunti mai lamba biyar ba suna ba, kawunti mai suna Washington kaɗai kusan talatin ne, kuma Excel na cinye sifilin farko, 06037 na Los Anjalas ya koma 6037 haɗin teburi ya watse. In ka ga -666666666 a bayanan da ka sauke ba bashi ake bin mutanen ba, alama ce ta ba a iya fitar da ƙiyasi ba, na taɓa barin irinta a cikin lissafi sai da taswira ta fito da wani abu mai ban dariya na gane. In ka ga 250,000+ shi ma ba lamba bace. Jihar Kanetikat kuma tun bayanan 2022 an daina amfani da tsoffin kawuntocinta takwas, an koma yankunan tsare-tsare tara. Sannan lambar Amurka baki ɗaya da ake faɗa a labarai, kamar dala 80,610 na 2023, daga wani bincike daban ta fito mai suna CPS, kar ka jera ta da ta kawuntinka, ɗauko ta ƙasa daga teburin ACS ɗin da ka yi amfani da shi.

MOE kuma kuskuren ɗibar samfur kaɗai take aunawa. Wanda ya manta kuɗin da ya samu, da wanda ya rage da gangan, da wanda ya bar gurbin babu komai aka cike masa daga amsar wani gida mai kama da nasa, duk wannan ba ta lissafa shi gaba ɗaya ba. Tambayar kuɗi ko a ina mutane ba sa son ta, shi yasa ma a gida Najeriya binciken rayuwar gidaje na 2018 zuwa 2019 da hukumar ƙididdiga ta yi abin da gida ke kashewa da ci ya auna talauci da shi, kuma a matakin jiha ya tsaya bai sauka ƙananan hukumomi 774 ba, samfurin ba zai ɗauka ba.

In kawuntinka ƙarami ne kuma dole lambar shekara ɗaya kake so, nemi SAIPE, shi ma na hukumar ƙidaya ne, yana fitar da midiyan ga kowane kawunti duk shekara, yana haɗa ACS da wasu bayanan gwamnati kamar na haraji a cikin tsarin lissafi, inda samfur ya yi ƙaranci sai ya fi jingina ga tsarin, inda ya yi yawa ya fi jingina ga binciken. Shi ma da tazarar kashi 90 yake zuwa, iyakar ƙasa da ta sama, in kana son SE cire ta ƙasa daga ta sama ka raba biyu ka sake rabawa da 1.645. Kar dai ka gauraya shi da ACS a layi ɗaya na teburi.

A rahoton kuma rubuta shi kamar haka, midiyan na kuɗin shigar gida a kawunti kaza dala 57,400 ne, ƙari ko ragin 4,000 a matakin kashi 90, ACS na shekara biyar 2018 zuwa 2022, teburi B19013, da darajar dalar 2022. In da hannu ka fitar daga B19001 ka faɗi haka, ka kuma gyara ƙarshen lambar zuwa ɗari mafi kusa, 57,368 da kuskuren dubu huɗu a gefensa wannan 68 ɗin ado ne kawai.